Tsakanin Maimaitawa da Jaddadawa: Kalmomin da Ke Iya Sauya Saƙon Gwamnati

A ranar 29 ga Mayu, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan dokar da ta dawo da tsohon taken Najeriya, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Tun daga lokacin ma'aikata da dama a Abuja suka koma hadda. Sai dai masu rubuta sanarwar Hausa a ma'aikatu sun gamu da wata tambayar: taken ƙasa karanta shi ake yi, ko rerawa?

Amsar ita ce rerawa, domin duk abin da ke tafe da kari da amon murya, Bahaushe rera shi yake yi. Alkawarin biyayya ga ƙasa kuwa, wanda Felicia Adebola Adedoyin ta rubuta a 1976, furta shi ake yi, ko a karanto shi da ka, tunda ba waƙa ba ce.

Yawancin kalmomin wannan fanni a makarantar allo suka yi gida. Malam yana biya wa almajiri karatu, almajiri ya yi ta tisawa har ya zauna masa, sannan ya haddace. Tilawa kuma ta Alƙur'ani ce, ba a jingina ta ga jawabin minista. Irin wannan tsari na biyawa da amsawa ne ake gani ranar rantsar da shugaban ƙasa: Alƙalin Alƙalai ya faɗi lafazin da ke Jadawali na Bakwai na Tsarin Mulkin 1999, mai rantsuwa ya maimaita kalma bayan kalma, ba ragi ba ƙari.

Inda hadimai suka fi yin tuntuɓe shi ne tsakanin maimaita, nanata da jaddada. Maimaitawa sake faɗa ce kawai, ba yabo ba fallasa. Nanatawa na ɗauke da naci, har wani lokaci mai sauraro ya ji an dame shi. Jaddadawa kuwa ƙarfafa matsayi ce. Idan sanarwa ta ce minista ya jaddada alkawarin biyan bashin ƙarin girma, ma'aikaci zai ji alamar ƙuduri. Idan ta ce ya sake maimaita alkawarin, abin da zai ji shi ne: an faɗa a da, ba a cika ba.

Haka lamarin yake wajen kawo abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Lissafa, wadda ta samo asali daga kalmar Larabci ta hisabi, tana nuna an kawo kowane abu ba a tsallake ba. Jero na nufin kawo su a jere, kamar sunayen jakadun da aka naɗa. Zayyana ta fi su zurfi, domin tana buƙatar bayani dalla-dalla. Wanda ya ambaci ayyuka uku cikin goma bai lissafa su ba, kuma rubuta cewa ya lissafa ɗin yaudarar mai karatu ce.

Ko a Majalisar Tarayya akwai tarko. Karatu na farko na ƙudiri ambaton sunansa ne kawai daga bakin akawu. A karatu na biyu ake muhawara kan manufofinsa, na uku kuma shi ne amincewa. Labarin da ya ce an karanta ƙudiri bai gaya wa kowa matakin da aka kai ba.

Sashe na 55 na Tsarin Mulki ya amince a gudanar da harkokin Majalisa da Hausa, Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Wani ɓangare na tanadin yana kan teburin hadimin da ke zaɓar aikatau kafin ya tura sanarwa, domin magana zarar bunu ce.