Ƙauri a Mota: Hanci Kan Riga Makanike Gano Matsala

Motocin haya da ke jigila tsakanin Birnin Kudu, Kangire da Gwaram, yawancinsu sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso nan. Ranar kasuwar Sara ana danƙara musu buhunan hatsi da fasinja, ga zafin bazara da kan haura digiri 40. A irin wannan hali ba abin mamaki ba ne ƙauri ya tashi a cikin mota. Abin da aka saba ji daga bakin direba shi ne a yi haƙuri a ƙarasa gari. Sai dai ƙauri iri-iri ne, kowanne da inda yake fitowa. Akwai wanda zai bari a lallaɓa zuwa gareji, akwai wanda ba ya jiran kowa.

Mafi sauƙin ganewa shi ne na baƙin mai. Idan gaskit ɗin murfin inji ya tsufa, mai yakan tsiyayo ya ɗiga a kan bututun salansa mai zafin gaske, sai ya ƙone da ɗan hayaƙi shuɗi-shuɗi. An fi jinsa idan mota ta tsaya. A bari inji ya huce, a zaro sandar awon mai a duba. In man bai yi ƙasa ba, ana iya tafiya a hankali zuwa wurin makanike.

Ƙaurin roba kuwa sau da yawa daga bel yake. Bel da ya saki yakan yi santsi yana kuka, ya ɗau zafi. Wani lokaci lodi ne ya danne bayan mota har taya ke gogar jikinta, wani lokaci kuma leda ce kawai ta manne a salansa tana narkewa. Leƙawa ƙarƙashin mota ya isa ya raba gardama.

Na kulochi da na birki sun yi kama, dukansu masu kaifi ne kamar an ƙona gashi. Lokacin da suka taso ne ke bambanta su. Idan ƙaurin ya zo sa'ad da mota ke tashi da kaya, inji na ihu amma gudu bai ƙaru ba, to faifan kulochi ne ke zamewa. Direban da ya saba ɗora ƙafa a kan kulochi yana tafiya shi ke jawo wa kansa wannan. Idan kuwa daga wajen taya ɗaya yake fitowa, birki ne ya kama, ko an manta ba a saki birkin hannu ba. A kusantar da hannu ga kowace taya ba tare da an taɓa ba. Wadda ta fi sauran huci ita ce mai laifin. Haɗarin a nan babba ne. Sabon man birki samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma wanda ya daɗe ya sha danshi yana iya tafasa a wajen digiri 140. Da ya tafasa, sai direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu abin da ya riƙe.

Wanda ba a yi masa jinkiri shi ne ƙaurin waya, mai kama hanci da maƙogwaro. Aikin fis shi ne ya tsinke idan wuta ta yi yawa, don ya ceci sauran wayoyi. Da yawa idan fis ya ƙone sai a naɗa masa zaren waya a mayar, a ƙara manyan fitilu da lasifika a kai. Daga nan wayar ce za ta yi ta zafi har rigarta ta narke. Da an ji wannan ƙauri a gangara gefen titi, a kashe inji, kowa ya sauka, sannan a cire kan batir mai alamar ɗebewa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai daga wajen batir kuma alama ce cewa cajin ya wuce kima.

Idan warin fetur ya haɗu da ƙauri, maganar ta wuce bincike. Tururin fetur ke kama wuta, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Mutanen Jigawa ba za su manta da gobarar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura ba, a watan Oktoba na 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150. Masu ajiye jarkar fetur a cikin mota kusa da fasinja su yi wa kansu faɗa.

In hayaƙi ya fara fitowa daga bonet, kada a wangale shi, domin iska ce abincin wuta. A ɗan ɗaga kaɗan a fesa tukunyar kashe gobara ta ƙasan murfin, in babu a watsa yashi. Ruwa yaɗa wutar fetur yake yi. Haka nan ba a buɗe murfin lagireto da zafinsa, don ruwan ciki a matse yake, zai yi tsalle ya salluɓe fata.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta wajabta ajiye tukunyar kashe gobara a mota. Direbobi da dama suna ajiye ta ne don jami'an kan hanya kawai. Ya kamata a riƙa duba allurarta da ranar ƙarewar aikinta, a kuma ajiye ta inda hannu zai kai, ba a ƙarƙashin buhu goma ba.