Hasken Da Ido Ba Ya Gani Shi Ke Gadin Garin Magani

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar kwalbar asfirin, warin tsami ya buge shi, to, ya ga aikin danshi, domin ruwa yakan warware asfirin ya rage masa ƙarfi. Shi ya sa masu haɗa magunguna ba su wasa da shanyar gari.

Kafin a buga ƙwaya, akan kwaɓa garin magani har ya yi tsaki-tsaki, sa'an nan a zuba shi cikin wata babbar tukunyar ƙarfe, iska mai zafi tana hurowa daga ƙasa, garin yana tashi kamar ana sheƙar hatsi. Wuyar aikin ita ce sanin lokacin tsayawa. In an yi gaggawa, garin ya manne wa injin buga ƙwaya. In kuwa an wuce kima, ƙwayar ta riƙa farfashewa tun ba ta bar ma'aikata ba. A dā sai an ɗebi kaɗan an auna, an gasa, an sake aunawa, alhali kafin sakamako ya fito, na cikin tukunya ya riga ya sake hali.

Mafita ta zo daga wani haske da ake kira infared, wanda William Herschel ya gano a Ingila cikin 1800, sa'ad da ya ga ma'aunin zafi yana hawa a gefen jan haske, inda ido ba ya ganin komai. Ruwa yana shanye wannan haske ƙwarai, musamman a tsawon zango na wajen nanomita 1,450 da 1,940. Saboda haka in aka haska garin ta wata 'yar tagar gilashi, aka auna abin da ya dawo, gibin da aka samu shi ke faɗin yawan ruwan, cikin daƙiƙoƙi, ba tare da an tsai da inji ba. Abin mamaki, a kan hatsi aka fara wannan dabara: Karl Norris na Ma'aikatar Gona ta Amurka ya gwada ta tun shekarun 1960. A 2004 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta fitar da jagora mai ƙarfafa wa kamfanoni gwiwar yin irin wannan awo ana cikin aiki.

Sai dai na'urar ba ta san komai da kanta ba. Tilas a fara koya mata da garin da aka riga aka auna ta tsohuwar hanya, kuma kowane magani da nasa darasin. Hasken kuma ba ya shiga garin da nisa, don haka in ɗanyen gari ya like a tagar, labarinsa na'urar za ta yi ta bayarwa, ko da sauran ya daɗe da bushewa.