Kafin Ki Sayo Wa Kyanwarki Magani Ta Waya

'Yar uwa, yanzu wani yayi aka shiga. Da zarar kyanwar gida ta ƙi cin abinci, sai budurwa ta ɗauki waya ta leƙa Instagram ko Facebook ta yi odar magani, a kawo mata har ƙofar gida. Sauƙi kam akwai shi, amma fa a yi hattara.

Ki bari likitan dabbobi ya duba ta tukuna, ya auna nauyinta, shi zai rubuta maganin da yawan da za a ba ta. Duk mai sayarwar da ya ce ba ruwansa da takardar likita, ke dai turo kuɗi, to rabu da shi, aljihunki yake so.

In maganin ya iso, duba lambar NAFDAC a jikin kwalin da ranar lalacewarsa, ki kuma tabbatar na kyanwa ne. Domin kuwa maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da permethrin yakan sa kyanwa karkarwa har ta mutu. Haka Panadol ɗin nan da muke sha, wallahi ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Allurar rigakafi kuwa, irin ta haukan kare, ni dai ban yarda a saye ta a intanet ba. Abar da sai a firij take zama, ya za a yi ta sha rana a bayan babur? Ɗauki kyanwarki ki kai ta asibitin dabbobi a yi mata a can.