Yarjejeniyar Zamantakewa: Saɓanin Hobbes da Locke a Kan Tuɓe Mai Mulki

Mene ne ya wajabta wa ɗan Adam yin ɗa'a ga hukuma? Masu ra'in yarjejeniyar zamantakewa sun ce yardar jama'a ce tushen wannan wajibci, ba gado ko kaifin takobi ba. Inda suka saɓa shi ne matsayin mai mulki a cikin alkawarin.

Thomas Hobbes ya wallafa littafinsa Leviathan a 1651, shekara biyu bayan an fille wa Sarki Charles na Ɗaya kai a lokacin yaƙin basasar Ingila. A ganinsa, inda babu hukuma kowa abokin gabar kowa ne, domin ko rarrauna yana iya halaka ƙaƙƙarfa ta hanyar makirci ko taron dangi. Tsoron mutuwa ne ya sa mutane suka yi wa junansu alkawarin miƙa wuya ga shugaba guda. Abin lura a nan shi ne, shugaban ba ya cikin masu alkawarin, kuma wanda bai ɗauki alkawari ba, ba a cewa ya saɓa shi. Saboda haka babu hujjar tuɓe shi ko da ya yi zalunci. Abin da ya rage wa talaka shi ne kare ransa idan aka zo ɗauka. Wannan ne ya sa kalmar "mubaya'a" ba ta dace da ra'in ba, tun da ita tsakanin shugaba da mabiya ake yin ta.

John Locke, wanda littafinsa kan mulki ya fito a 1689 bayan korar Sarki James na Biyu, ya ce mutum yana da haƙƙin rai da 'yanci da dukiya tun kafin a kafa hukuma. Alƙali marar son kai ne kurum babu. Mulki a wurinsa amana ne, in mai riƙe da ita ya ci ta, iko ya koma hannun jama'a.

Suka mafi nauyi ta zo daga David Hume a 1748. Ya ce ba a taɓa neman yardar talaka ba, kuma zamansa a ƙasa ba shaidar yarda ba ne, domin ba shi da guzurin hijira. Ya kwatanta shi da wanda aka sa a jirgin ruwa yana barci, ya farka a tsakiyar teku, sannan aka ce ya amince da ikon shugaban jirgin tun da bai faɗa ruwa ba.