Bayani a Kan Naman Kaza, Na Ci da Mai Kisa

Ku sani, ya jama'a, idan marka ta kama a ƙasar Zazzau, naman kaza yakan tsiro dare ɗaya a gonaki, da juji, da gindin suri, har a bayan gidajen Tudun Wada. A cikinsa akwai abinci, akwai ajali.

Wanda aka fi amincewa da shi shi ne na suri. Gara ce ke kiwonsa a cikin ɗakinta domin cinta, sa'an nan in ruwa ya ratsa ƙasa ya ɓullo waje. Alamarsa, hularsa tana da ɗan tsini a tsakiya, in kuwa aka tona sai a tarar da doguwar saiwa ta nutsa har cikin surin. A ƙasar Zambiya akwai ɗan'uwansa wanda faɗin hularsa kan kusa mita 1.

Mutanen Italiya suna da nasu mai tsada, porcini, watau 'yan aladu. Suna ne kawai, babu alade a ciki. Ƙarƙashin hularsa ƙananan ramuka ne kamar soso. Ba ya nomuwa, gama rayuwarsa a haɗe take da saiwar itatuwan dazuzzukansu, don haka tsintarsa a ke yi a shanya, fatake su kai shi ƙasashe. Kam'a kuwa, wadda malamai ke tararwa a Buhari da Muslim, dabam take. A cikin ƙasa take girma a hamada, kamar dankali.

To, ga inda haɗari yake. Akwai wani fari, kyakkyawa, mai fita cikin ciyawa, wanda ƙarƙashin hularsa ke komawa kore-kore in ya manyanta. Wannan amai da zawo ne. Mafi sharri shi ne mai zobe a wuya da 'yar jaka a gindi. Wanda ya ci yakan yi awa 6 har 24 garau, kana ciki ya murɗa, ya lafa kamar an warke, alhali hanta na lalacewa. Dafuwa ba ta kashe dafinsa. Zancen wai abin da akuya ta ci mutum ma ya ci, ko wai azurfa na baƙi a tukunyar mai dafi, tatsuniya ce.

Kada a aiki almajiri tsinta sai da babban da ya san irin na wurin. In an ci aka ji ciki ya juya, a garzaya asibitin koyarwa na Shika, a tafi da ragowar abin domin likita ya gani.