Taron Miliyoyi Ba Tare Da Ɓarna Ba: Abin Da Aikin Hajji Ya Koyar

Dattawan da suka sauke farali kafin shekarun 1980 ba su manta da warin Mina a ranakun jifa ba. Dubun dubatar raguna ake yankawa cikin 'yan kwanaki a kwari mai zafi, alhaji kuwa ko cinya ɗaya ba zai cinye ba kafin nama ya fara juyawa. Mabuƙatan da ke kusa su ɗebi abin da za su iya, wasu su yanyana su shanya a rana, ragowar kuma a tura ta rami a binne ko a ƙone. Ana wannan ne a daidai shekarun da fari ke kashe dabbobi da mutane a yankin Sahel.

A shekarar 1983 gwamnatin Saudiyya ta ɗora wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda hedikwatarsa ke Jidda, alhakin tsara cin moriyar naman hadaya. Shirin da aka fi sani da Adahi ke nan. Alhaji ya biya kuɗin dabbarsa ya karɓi takarda, ya wakilta masu shirin su yanka a madadinsa. A mayankar zamani da ke Mu'aisim, gefen Mina, likitocin dabbobi na duba lafiyar kowace dabba, ana lura da sharuɗɗan shari'a kan shekaru da aibi, sannan a feɗe, a sanyaya, a daskarar. Talakawan Harami ake fara ba wa, abin da ya yi saura a loda shi zuwa ƙasashe sama da 20 a Asiya da Afirka. A zagayen farko dabbobin da suka bi ta wannan hanya dubbai ne kawai. Yau ana maganar ɗaruruwan dubbai a kowace shekara.

Ya kamata duk mai shirya babban taro ya tsaya ya dubi yadda aka yi wannan gyara. Ba a ce wa kowa ya rage ibadarsa ba, ba a kuma tsaya kan wa'azin tsabta kawai ba. Malamai suka fayyace halaccin wakilci da fitar da rarar nama wajen Harami, injiniyoyi suka gina mayanka da ɗakunan sanyi, banki ya riƙe lissafi. Da aka gama, sai hanyar da ba ta da ɓarna ta zama ita ce mafi sauƙi ga alhaji, domin sayen takarda ya fi masa dama da ya je ya yi cinikin rago cikin rana da turereniya. Mutum a cikin taron miliyoyi, ga gajiya ga ƙishirwa, abin da aka miƙo masa shi yake karɓa. Saboda haka nauyin yana wuyan mai miƙowa.

Wannan darasi bai kai ga roba ba tukuna. A shekarar 2012 alhazai sun haura miliyan 3, a 2019 sun kusa miliyan biyu da rabi, a 2024 kuma sun ɗan wuce miliyan 1.8. Kowane ɗayansu na buƙatar ruwa mai yawa a yini, kuma mafi yawan ruwan nan a ƙananan gorunan roba yake zuwa. Masu neman lada suna tsayawa da manyan motoci suna rabon sadaka: ruwa, lemo, madara, abinci a mazubin roba. Niyya kyakkyawa ce, ba mai musu. Amma wanda ya bi hanyar Arfa zuwa Muzdalifa bayan faɗuwar rana ya san abin da ƙafa ke takawa. Gorar da aka sha rabi aka yar asara biyu ce, domin mafi yawan ruwan da Makka ke amfani da shi daga Bahar Maliya ake tace shi a Shu'aiba, a turo shi ta bututu zuwa cikin duwatsu, kuma tace gishiri daga ruwan teku aiki ne mai cin makamashi sosai.

Ma'aikatan shara na ƙoƙari matuƙa, suna kwashewa dare da rana. Sai dai kwashewa daban, hana taruwa daban. Robar da ta cakuɗa da ragowar shinkafa da miya da wuya ta sake sarrafuwa. Juji za ta. Abin da zai kawo sauyi shi ne a rarrabe shara tun daga bakin tanti, a yawaita famfunan ruwan sanyi a kan hanyoyin da ake bi da ƙafa, a ba kowane alhaji gora ɗaya mai ƙarko da zai riƙa cikawa, kuma mai sadaka ya zuba kuɗinsa a tankin ruwa maimakon katan-katan na gora. Haka ma abinci. Kamfanin da ke dafa wa tanti ɗaya irin abincin da mutanensa ba su saba da shi ba, rabinsa a kwandon shara zai ƙare, kuma alhazanmu sun sha kokawa kan hakan.

A fannin sufuri an yi rawar gani. Jirgin ƙasan Masha'ir mai amfani da lantarki ya fara aiki a 2010. Tsawon layinsa kusan kilomita 18 ne, da tashoshi tara, uku-uku a Mina da Muzdalifa da Arfa, kuma an tsara shi ya kwashi mutum 72,000 cikin sa'a guda. Dubban motocin safa da da za su tsaya cak suna fitar da hayaƙi a kan masu tafiya da ƙafa, an rage su. A 2018 aka buɗe jirgin Haramain mai gudun kilomita 300 a sa'a tsakanin Makka da Madina ta Jidda. Abin da ba a taɓa ba shi ne jirgin sama, wanda shi ne kaso mafi nauyi na hayaƙin kusan kowane taron ƙasa da ƙasa. Daga Kano zuwa Jidda ya fi kilomita 3,000. Kakanninmu sun yi wannan tafiya a ƙafa da bayan jaki ta Chadi da Sudan, wasu shekara da shekaru, da yawansu ma can suka zauna suka hayayyafa. Ba wanda zai ce a koma wannan wahala. Amma akwai tambayar da ta dace mai hali ya yi wa kansa: wanda ya sauke farali, ya kuma maimaita, shin kujerar bana ba ta fi dacewa da wanda bai taɓa zuwa ba?

Zafi ne ya mayar da wannan magana ta rai da mutuwa. A Hajjin 2024, cikin watan Yuni, ma'aunin zafi a Masallacin Harami ya kai digiri 51.8, kuma hukumomin Saudiyya sun tabbatar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba da izini ba, ba su da tanti mai sanyi ko motar da za ta ɗauke su. Tun a 2019 Farfesa Elfatih Eltahir, ɗan asalin Sudan da ke koyarwa a jami'ar MIT ta Amurka, shi da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya yi gargaɗin cewa idan ɗumamar duniya ta ci gaba a haka, Hajjin da zai faɗo tsakanin 2047 da 2052, da kuma tsakanin 2079 da 2086, zai zo da zafi mai tsananin haɗari. Dalilin waɗannan shekaru a fili yake: shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka Zulhajji na zagaya yanayin shekara gaba ɗaya cikin kusan shekara 33. Yanzu yana janyewa daga tsakiyar zafi zuwa watannin sanyi, amma zai dawo.

Na'urar sanyaya ɗaki na ceton rai a tantunan Mina, waɗanda aka sake ginawa da yadin da wuta ba ta ci bayan gobarar 1997. Sai dai tana shan lantarkin da har yanzu kusan duka daga gas da man fetur Saudiyya ke samar da shi. Inuwar itace ba ta buƙatar wannan. Bahaushe da ya tsaya a Arfa zai gane itatuwan da ke jere a filin nan take: darbejiya ce, dogon yaron da ke ƙofar gidajenmu, an dasa dubbanta a can saboda juriyarta ga fari. Arfa ba ta cikin iyakar Harami, inda shari'a ta hana sare tsiro da farauta tun fiye da ƙarni 14, amma ruhin hukuncin ya isa can. Itacen da za a fake a ƙarƙashinsa a 2047, a waɗannan shekaru na sauƙi ya kamata a dasa shi.

Namu ɓangaren bai fi ƙarfinmu ba. Najeriya ta samu kujeru 95,000 a 2023, wato tana cikin ƙasashen da suka fi yawan alhazai. Hukumar Alhazai ta Ƙasa da hukumomin jihohi su ne ke ƙulla kwangila da masu abinci da masu masauki, su ke raba jaka da yadi ga maniyyata, su ke shirya bita. Gora mai ƙarko za ta iya shiga cikin jakar nan. Sharaɗin rage mazubin roba da dafa abin da mutanenmu za su ci zai iya shiga takardar kwangila. Malamin bita da ke koyar da ɗawafi da jifa zai iya ƙara minti goma kan almubazzaranci da ruwa da abinci, ya nuna cewa wannan ma fiƙihu ne.

Kano ma tana da alƙawari a wuyanta. A 2011, a birnin Assisi na Italiya, aka kafa ƙawancen biranen ziyarar ibada masu kula da muhalli, kuma Kano na cikin na farko saboda Maukibin Ƙadiriyya da ke tara jama'a duk shekara. Tarukan Mauludi, wa'azin ƙasa, hawan Sallah da gangamin siyasa duk suna barin filaye lulluɓe da ledar ruwa, wadda iska ke kwasa zuwa magudanai, ta toshe su kafin damina, ko akuya ta haɗiye ta kumbura. Kwamitin shirya taro yakan naɗa mai kula da lasifika, da mai kula da manyan baƙi, da mai kula da abinci. Ya rage a naɗa mai kula da ruwan sha da shara, a ware masa kuɗi tun ranar zaman farko, a kuma gayyaci 'yan gwangwan da masu sayen roba su kafa buhunansu a kowace ƙofar fita.