Gato na gero

A kasuwar Tawa ana sayar da burodi da fanke da gato. Duk da garin alkama ake yin su. A cikin alkama akwai wani abu mai danƙo da ake kira gulutan. Shi ne ke sa kwaɓin burodi ya yi yauƙi, ya riƙe iska, ya kumbura.

Yawancin mutane suna cin alkama lafiya lau. Amma akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ta. In yaro mai irin wannan ciwo ya ci burodi, gulutan yakan ɓata masa ƙaramin hanji. Sai abinci ya daina amfanin jikinsa. Yakan yi zawo, cikinsa ya kumbura, ya rame, tsaransa su fi shi girma. A shekarar 1950 wani likitan yara na ƙasar Holanda, Willem Dicke, ya nuna cewa alkama ce ke jawo wannan ciwo. Likita ne kaɗai ke iya tabbatar da shi. Maganinsa kuwa shi ne barin alkama da sha'ir har iyakar rayuwa.

Ran salla fa, sai wannan yaro ya zura wa ƴan uwansa ido suna cin gato? A'a. Geron da manoman Adar ke nomawa ba shi da gulutan. Haka ma dawa da masara da shinkafa da rogo. Ana iya yi masa gato na gero a gida.

Ga kayan da ake bukata: garin gero kofi 2, sukari rabin kofi, man shanu rabin kofi, ƙwai 1, gishiri kaɗan da garin citta kaɗan.

Da farko a surfe gero, a wanke, a shanya. In ya bushe a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi. Sabon gari ya fi, don garin gero in ya daɗe yakan yi ɗaci. A murza sukari da man shanu cikin kwano, a fasa ƙwai a ciki, sannan a zuba gari da gishiri da citta. Tun da gero ba shi da danƙo, ƙwai ne ke riƙe kwaɓin. In ya yi tauri a ƙara cokalin madara. A rufe shi ya huta rabin awa.

Bayan haka a mulmula ƙanana, a danna su da tafin hannu. In babu tanderu, a zuba rairayi a gindin tukunyar ƙarfe, a ɗora faranti bisa, a jera gato. A rufe, a sa garwashi kaɗan a ƙasa da bisa marfi. Cikin minti 15 zuwa 20 gefensu zai yi ja. Kada a taɓa su da zafi, don sukan farfashe. In sun huce sai su yi ƙarfi.

A kula da abu ɗaya: ko ɗan ɓurɓushin alkama yana iya tayar da ciwon. Saboda haka a wanke turmi da rariya da kwano sosai. Kada a kai geron injin da ke niƙa alkama.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin gulutan cikin burodi?
2. Don me ake sa ƙwai cikin gato na gero?
3. Waɗanne irin hatsi ne ba su da gulutan?